Yadda ake gyara siffar hedbos na injin takarda da lissafin CFD

Abinda ke fitowa a farkon injin takarda ba takarda bace, ruwa ne kawai fari-fari, cikin kashi 100 kusan 99 ruwa ne zalla, zaren itacen bai wuce kashi 1 ba wani lokacin ma rabin haka. Ana feso shi ne daga wani dogon akwatin ƙarfe da ma'aikata ke kira hedbos, ya fito ta wata siririyar tsaga ya sauka kan rariya mai gudu, ruwan ya tsane zaren ya kwanta, shikenan an samu takarda. Sauran injin gaba ɗaya, wajen matsewa da wajen busarwa da wajen goge fuska, aikinsu cire ruwa ne da gyaran sama-sama. In zaren ya kwanta ba daidai ba tun a nan, gefe ɗaya yafi kauri ko ya taru gudaji-gudaji, toh babu wata na'ura a gaba da zata sake raba shi, haka zai tafi har cikin naɗin.

Tsarin injin kansa tsoho ne, Louis-Nicolas Robert ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Faransa tun 1799, daga baya 'yan gidan Fourdrinier suka zuba kuɗi aka gina shi a Ingila, shi yasa har yau ake kiran injin da sunansu. Abinda ya canza shine girma da gudu. Manyan injinan yanzu faɗinsu ya kai mita 10 ko ma fiye, wasu gudunsu na kusantar mita 2000 a minti ɗaya, kaga a irin wannan yanayin ba'a yin gwada-mu-gani da ƙarfe, ka ƙera ka ɗaura ka duba in bai yi ba ka kwance, asarar tayi yawa. Anan CFD ke shigowa, wato ka sa kwamfuta ta lissafa yadda ruwa zai gudana cikin wata siffa tun kafin a yanka ƙarfe, ta hanyar warware lissafin motsin ruwa da ake kira Navier-Stokes a miliyoyin ƙananan ɗakunan da aka raba siffar. A ƙasar Finlan an fara haɗa wannan da binciken siffa mafi dacewa tun shekarun 1990, musamman a garin Jyväskylä inda kamfanin Valmet ke ƙera injinan takarda, kuma yau kamfanoni irin su Voith da Andritz ma duk da shi suke aiki. Ga yadda zaka bi in kana so ka gwada da kanka.

Fara da biro da takarda

Kafin ka buɗe wata manhaja zauna kayi lissafin hannu, minti 20 ya isheka kuma shi zai riƙa tona asirin kwamfutar in ta fara shirme. Mu ɗauki misali, injin da faɗinsa mita 6, tsagar bakin hedbos milimita 10, gudun feshin mita 20 a daƙiƙa wanda shine mita 1200 a minti. Ninka su, 6 sau 0.01 sau 20, ka samu kubik mita 1.2 a daƙiƙa, lita 72,000 kenan kowane minti ɗaya. In kowane kubik mita na ɗauke da kilo 8 na zare, kuma muka ɗauka duka ya tsaya kan rariya, takardar zata fito da nauyin giram 80 a murabba'in mita, irin wadda ake sawa a firinta. A zahiri ba duka ke tsayawa ba, wani ƙurar zaren da hodar cikon na bin ruwa su wuce, dan haka ana ɗan ƙara kaurin, amma dai kaga inda lambobin suka dosa.

Matsin da zai tura ruwa da wannan gudun kuma dokar Bernoulli zata baka, gudu sau gudu a raba da 2 sau 9.81 na ƙarfin jan ƙasa, wajen mita 20 na tsayin ruwa, kilofaskal 200 kenan. Abinda nake so ka riƙe anan shine gudun feshi yana tafiya ne da tushen murabba'in matsi, in matsi ya bambanta da kashi 2 cikin 100 tsakanin wannan gefen da wancan, gudu zai bambanta da kashi 1, kashi 1 na giram 80 kuma giram 0.8 ne, wanda na'urar awo dake zirga-zirga a kan takardar zata gani sarai. Ma'ana aikin da kake shirin yi aiki ne na farautar kashi 1 da rabin kashi 1, ba na kashi 20 ba. Duk wata shawara da zaka yanke nan gaba, ta meshi (wato ragar ƙananan ɗakunan nan) ko ta model, ka tambayi kanka ko kuskurenta yafi wannan ƙanƙanta.

Sai lambar Reynolds, wadda ke nuna ko ruwa zai gudana a natse ko a hargitse. Ruwan injin takarda da ɗumi yake, sau da yawa tsakanin digiri 40 zuwa 55, kuma danƙon ruwa a digiri 50 kusan rabin na digiri 20 ne, dan Allah kar ka bar lambar da manhaja tazo da ita ka canza ta. A misalinmu Reynolds a bakin tsaga ya haura 700,000, dan haka ba maganar gudu a natse, hargitsi ne tun daga ƙofa har fita.

Wane ɓangare zaka taɓa, kuma me kake nema a can

Hedbos ba abu ɗaya bane, abubuwa uku ne a jere. Na farko heda, babban bututun dake kwance a faɗin injin, ruwa ya shigo ta gefe ɗaya yana tafiya yana rarrabuwa, bututun yana tsukewa a hankali har ɗaya gefen inda ake barin wani kaso kamar 5 zuwa 10 cikin 100 ya wuce ya koma baya. Na biyu jerin ƙananan bututai ɗaruruwa, wasu injinan dubbai, masu faɗaɗa mataki-mataki, aikinsu tada hargitsi dan ya wargaza gudajin zare. Na uku makogwaro mai tsukewa wanda ya ƙare da leɓen tsaga inda feshin ke fita.

Shawarata in karon farko ne, fara da heda. Dalili kuwa tambayarsa a fili take, kana so kowane ƙaramin bututu ya samu ruwa daidai da ɗan'uwansa, kuma ilimin da ake buƙata bai wuce na ruwa zalla ba. Abubuwa biyu ne ke kokawa a cikinsa. Gogayya da bango tana rage matsi yayin da ruwa ke tafiya, shi kuma raguwar gudu duk sanda aka ɗebi ruwa a gefe yana ƙara matsi. In hedan bai tsuke sosai ba matsi zai taru a can ƙarshe, takarda tayi nauyi a wancan gefen, in ya tsuke da yawa kuma akasin haka. Siffar bangon baya itace zata sasanta su. A misalinmu in ka bar kashi 10 ya koma, abinda ke shigowa kubik mita 1.33 ne a daƙiƙa, in kana son gudu ya tsaya wajen mita 3 a daƙiƙa faɗin ƙofar shiga zai zama murabba'in mita 0.44, na fita 0.044, ka ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu ka samu siffar farawa. Ba itace amsar ba, daga nan za'a fara lanƙwasawa.

Yanzu sai abinda mutane ke tsallakewa da gudu, wato ka rubuta da lamba ɗaya me ake nufi da "yayi kyau". Kwamfuta bata san kyau ba. Ga heda abu mai sauƙi, ɗauki yawan ruwan dake bi ta kowane layin bututai, ka cire matsakaicin, ka ninka bambancin da kansa, ka tara duka, wannan lambar kake so ta ragu. Amma ka lura, wannan ma'aunin zai iya yafe maka wani mummunan tsalle a wuri ɗaya in sauran wuraren sunyi lafiya, kuma a takarda tsalle ɗaya mai kaifi yafi karkata mai laushi illa, domin karkata mai laushi ana iya gyarata da bawul ɗin komawa ko da ruwan sirki, wato ruwa mara zare da ake tsarmawa inda yayi nauyi, shi kuwa kaifin zai fito a matsayin zane a jikin takarda. Dan haka ni ina ganin gara ka ƙara wani hukunci kan bambanci mafi girma tsakanin maƙwabtan layuka biyu. Sannan ka rubuta iyakokin da ba'a ƙetarewa, girman wurin da hedan zai zauna, inda bakin bututun shiga yake tunda bazaka motsa famfo ba, da mafi ƙarancin gudu a ko'ina dan kar zare ya kwanta ya fara ruɓa ya zama yauƙi, wanda ranar da ya ɓalle ya bi ruwa takarda zata tsinke.

Zane da meshi

Zana cikin ruwan ne ba jikin ƙarfen ba, wannan ko da yaushe sai an tuna wa sabon shiga. Cire ƙusoshi da ƙananan ramuka da duk abinda ruwa bai damu dashi ba. Kuma kar ka fara zanen daga bakin heda daidai, haɗa da bututun dake kawo ruwan har da lanƙwasarsa ta ƙarshe, saboda ruwan da ya fito daga gwiwar bututu yana zuwa ne a karkace yana juyi, in kace masa ya shigo a miƙe sumul toh ka riga ka goge rabin matsalar da aka kiraka dominta.

Matsalar da zata fara tare ka itace bututan nan. Heda mai mita 6 da bututai 600 masu bakin milimita 10 ko 15, in kace zaka yiwa kowanne meshi mai kyau zaka tashi da ɗakuna miliyan ɗaruruwa, lissafi ɗaya ya cinye kwanaki, kai kuma kana buƙatar gwada siffa 50 ko 100. Dabarar da aka saba itace ka ɗauki bututu ɗaya ko biyu kayi musu lissafi na tsanaki a gudu daban-daban kamar 4 ko 5, ka fitar da yadda matsi ke faɗuwa gwargwadon gudu, sai ka maye gurbin jerin bututan gaba ɗaya da wani yanki mai tsiyaya irin na Darcy-Forchheimer wanda ke da ƙaramar turjiya a hanyar da bututan suka miƙe da babbar turjiya a sauran hanyoyin biyu. Da wannan meshinka zai sauko zuwa miliyan kaɗan. Abinda ka sayar a madadin haka shine yadda ruwa ke shiga bakin kowane bututu a karkace, wanda a farkon heda inda gudu ke wucewa ta gefe yana da tasiri, dan haka in ka gama ka samu siffar da kake so dole ka sake gwadata sau ɗaya da ainihin bututan ko da a yanki ne.

Wajen bango kula da y+, lambar dake nuna nisan ɗakin farko na meshi daga bango. In zaka yi amfani da dokar bango ta gajeriyar hanya ɗakin farko ya faɗa tsakanin 30 da 300, in kuma kana so ka warware har jikin bango sai ya zama kusan 1, abinda ba'a so shine tsaka-tsakin nan na 5 zuwa 30. A heda gajeriyar hanyar ta wadatar. A makogwaro da leɓe kuwa ka kashe ɗakuna, can ne ake yin komai.

Sannan kayi meshi uku, mai gwaɓi da matsakaici da mai laushi, ka duba lambar nan taka ta ma'auni a kowanne. In bambancin dake tsakanin matsakaici da mai laushi yafi ribar da kake fatan samu daga gyaran siffa, toh ba siffa kake gyarawa ba hayaniyar meshi kake bi. Wannan matakin gajiya ne dashi ba daɗi, amma ba'a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa ne ko zare ne

Tambayar da kowa keyi kenan, shin zan ɗauka ruwa ne zalla ko sai na saka zaren. Amsar ta danganta da abinda kake nema. Zaren itace mai laushi irin na bishiyar fain (pine) tsawonsa milimita 2 zuwa 4, na itace mai tauri irin turare wajen milimita 1, kaurinsu kuma bai wuce maikuron 20 zuwa 40 ba, dogaye ne sirara shi yasa ko suna kaɗan suke sarƙewa. Kerekes da Schell sun fitar da wani ma'auni a 1992 na cunkoson zare, wanda ke ƙirga zare nawa ne ke cikin ƙwallon da faɗinsa ya kai tsawon zare ɗaya. In lambar ta gaza 1 kowane zare na harkarsa, in ta haura wajen 60 sun fara saƙa raga mai ƙarfin kanta. Hedbos na yau da kullum yana faɗawa ne a tsakani, ko kuma bakin iyakar sama in zaren dogo ne.

Ga heda dai, a kauri ƙasa da kashi 1 da gudun mita 3 a daƙiƙa, ɗaukarsa a matsayin ruwa mai ɗumi ya isa ya baka rabon da zaka dogara dashi, kuma haka mafi yawan aikin masana'anta ke tafiya. In kauri ya haura kashi 2 ko 3 kamar a tankunan ajiya da famfuna da na'urar tacewa, labari ya canza, cakuɗin yana da wani taurin da sai an kai wani ƙarfi kafin ya motsa, sai ka koma model irin Bingham ko Herschel-Bulkley kuma lambobin da zaka saka ka auno su daga ainihin zaren masana'antar.

Model ɗin hargitsi kuma, k-epsilon na Launder da Spalding na 1974 shine tsohon doki, baya gardama yana zama da wuri, ga heda yana yi. k-omega SST na Menter na 1994 yafi shi gane inda ruwa ke rabuwa da bango, dan haka a bututai masu mataki shi zan ɗauka. Amma akwai wani abu da su biyun basa gani sam. A bututu mai kusurwa huɗu akwai wasu ƙananan juyi da hargitsi ke haifarwa a lunguna, ƙarfinsu bai wuce kashi 1 ko 2 na babban gudun ba, kuma bututan hedbos da yawa da'ira suke farawa su ƙare da kusurwa huɗu. Waɗannan juyin na iya tsira har makogwaro su zama zane-zane a takarda. In su kake farauta sai model ɗin Reynolds mai lissafa kowane ɓangaren hargitsi daban, ko LES mai lissafa manyan juyin hargitsi kai tsaye, a ɗan ƙaramin yanki in kana da kwamfutar da zata ɗauka.

Manhaja kuwa duk wadda ke hannunka. Ansys Fluent da CFX da STAR-CCM+ na kuɗi ne, OpenFOAM kyauta ne tun 2004 kuma simpleFoam ɗinsa ya isa wannan aikin, ka duba sakamako da ParaView. A ƙofar shiga saka yawan ruwa, a ƙofar komawa saka kason da kake so ya fita, a bayan bututai saka matsi ɗaya. Kar ka yarda lissafi ya zauna dan kawai layukan kuskure sun sauka, sa ido kan lambar ma'auninka da kanta har sai ta daina motsi, kuma ka tara ruwan da ya shiga da wanda ya fita ka ga sunyi daidai.

Sakin kwamfuta ta nemo siffa

Kafin komai lissafa siffar da ake da ita yanzu ka gwama da abinda injin ke yi a zahiri. Yawancin heda suna da ɗan bututun gilashi da ya haɗa farkonsu da ƙarshensu, ma'aikaci na kallonsa yana juya bawul ɗin komawa har ruwan ciki ya tsaya cik, alamar matsi yayi daidai a gefe biyu. Tambayi a wane buɗi bawul ɗin yake tsayawa, karɓi bayanan nauyin takarda a faɗin injin, ka duba ko model ɗinka ya nuna karkata ta gefen da injin ke nunawa. In bai kama halin tsohuwar siffa ba babu dalilin yarda dashi kan sabuwa.

Daga nan ka mayar da bangon baya ya zama lanƙwasa mai maɓallai kaɗan, layin Bezier mai ɗigo 4 zuwa 6 ya wadatar, kowane ɗigo lamba ce da kwamfuta zata iya turawa ciki ko waje. Kar kwaɗayi ya kaika ga ɗigo 30, abinda zaka samu bango ne mai tudu da kwari wanda a lissafi yaci maki amma babu maƙerin da zai iya naɗa maka shi daga farantin ƙarfe. Sai ka haɗa sarƙar ta zama mai tafiya da kanta, lambobi su shiga, zane ya sabunta, meshi ya sabunta, lissafi ya gudana, ma'auni ya fito. Gaskiya wannan haɗin shi yafi cin lokaci a duk aikin, ɗan rubutun Python ne amma kullum sai wata siffa ta fasa meshi da tsakar dare komai ya tsaya, dan haka ka tanadi yadda zai tsallake wadda ta lalace ya cigaba. In zai yiwu ka riƙa lanƙwasa meshi ɗaya maimakon sabon meshi kowane zagaye, hakan na rage hayaniyar da muka yi magana.

Hanyoyin nema uku ne aka fi bi. In maɓallanka basu wuce 6 ko 8 ba, watsa gwaji 40 zuwa 60 a faɗin filin ta tsarin Latin hypercube, ka ɗora musu wani model mai arha irin kriging wanda zai riƙa hasashen sauran wuraren, ka nemo inda yace yafi kyau, ka gwada can da ainihin CFD, ka ƙara masa sakamakon, ka maimaita. Dakota ta ɗakin binciken Sandia a Amurka kyauta ce kuma tana yin duk wannan. In maɓallan sunyi yawa sai hanyar adjoint, wadda da ƙarin lissafi ɗaya tak zata nuna maka a kowane taku na bango ko turawa ciki ne zai taimaka ko waje, Fluent na da ita OpenFOAM ma na da ita, kuma ko baka barta ta gyara siffar da kanta ba taswirar da take bayarwa abin kallo ce, nan take zaka ga inda siffa ke da tasiri da inda kake ɓata lokaci. Ta uku itace irin ta gado da haihuwa kamar NSGA-II, tana da amfani in buri biyu ke karo da juna, sai dai tana cin ɗaruruwan lissafi, gara ka ɗorata kan model mai arhar nan.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, inji ba takarda iri ɗaya yake yi ba. Yau giram 60 gobe 120, yawan ruwa na hawa yana sauka. Siffar da ta ci gasa a gudu ɗaya tana iya zama abin kunya a wani. Saka aƙalla yanayi uku a ma'aunin, ƙasa da tsakiya da sama, ka ba kowanne nauyi gwargwadon yawan kwanakin da injin ke yi a kansa. Kuma duk sanda sakamako yayi kyau fiye da kima, buɗe hoton ka duba da ido, masu neman nan in suka ga ɓaraka a model ɗinka can zasu nufa, misali su matse wani lungu har ɗakunan meshi su murɗe lambar ta faɗo ba gaira ba dalili.

In ka matsa zuwa makogwaro da leɓe

Nan aikin yafi wuya domin buri ya zama biyu masu jan igiya. Tsukewar makogwaro tana miƙar da ruwa, miƙewar tana jera zare su fuskanci hanyar da injin ke tafiya, gwargwadon tsananin tsukewa gwargwadon jeruwar, takarda tayi ƙarfi ta tsawo tayi rauni ta faɗi. Hargitsi kuma yana birkita su su fuskanci ko'ina, yana kuma fasa gudaji, amma in yayi yawa fuskar feshin ta yamutse. Kuma hargitsin baya daɗewa, yana mutuwa zaren ya fara sake curewa cikin ɗan ƙiftawar ido, shi yasa tsawon makogwaron kansa maɓalli ne, haka ma siraran faifan da ake sakawa ciki su raba shi hawa-hawa, da kaurin bakinsu tunda kowane baki yana barin sawu a bayansa.

Dan ka hango inda zare zai fuskanta ana ɗora wani lissafi a kan na ruwan, asalinsa aikin Jeffery na 1922 kan yadda dogon abu ke juyawa cikin ruwa, Folgar da Tucker suka ƙara masa tasirin karo da juna a 1984. Akwai lamba ɗaya a ciki da dole sai ka daidaitata da awo, ba'a cirota daga littafi a zauna lafiya. Feshin da ya fita iska kuma yana buƙatar VOF mai bin iyakar ruwa da iska, anan zaka ga kusurwar da feshi ke fita da yadda yake ƙanƙancewa bayan leɓe, kuma milimita 1 ko 2 na yadda leɓen ƙasa ya zarce na sama yana canza inda feshin zai sauka kan rariya.

Wani abu da CFD ya nuna ƙarara shine illar gyara nauyin takarda ta hanyar lanƙwasa leɓe. In ka matse tsaga a wuri ɗaya ruwa baya ɓacewa, gefe yake gudu, wannan ɗan gudun na gefe kuma ko kashi 1 ne na babban gudun yana karkatar da zare sosai, saboda abinda zare ke ji lokacin sauka shine bambancin gudun feshi da na rariya wanda shima ɗan kaɗan ne. Sakamakon shine takarda mai naɗewa a kusurwa in taji zafin firinta. Wannan ne yasa tun farkon shekarun 1990 aka koma hedbos mai sirki, a bar leɓe a miƙe, a riƙa tsarma ruwan da ba zare a wurin da yayi nauyi. In injin da kake yiwa aiki irin wannan ne, heda biyu gareka ba ɗaya ba, kuma wurin da ruwan sirkin ke haɗuwa da babban ruwan shima siffa ce da za'a iya gyarawa.

Kafin a yanka ƙarfe

Ɗauki lanƙwasar da kwamfuta ta baka ka zauna da maƙera, sau da yawa zasu ce a mayar da ita miƙaƙƙun faranti 3 ko 4 da za'a haɗa da walda, ba laifi, amma ka sake lissafa wannan siffar da za'a ƙera ɗin ba waccan ta mafarki ba. Gwada kuma ka motsa kowane ma'auni da milimita 1 ko 2 sama da ƙasa ka ga ko ribar na nan, tunda walda na jan ƙarfe, ga matsin kilofaskal 200 da zafin digiri 50 suma suna ɗan buɗa akwatin. In ribar ta gudu da motsin milimita 1, ɗauki siffa ta biyu wadda bata kai ta farko maki ba amma bata da saurin fushi.

In da hali a yi ƙaramin samfuri da roba mai gani-har-hanji, a zuba ruwa a auna gudu da hasken leza ta PIV, ko aƙalla a huda ramukan awon matsi 8 ko 10 a tsawon hedan a gwama da lissafi. Ciki kuma ƙarfe mara tsatsa ne da aka goge shi sumul, duk wani kaifi ko gaɓar walda da aka bari zare zai maƙale ya zama igiya, wannan CFD na ruwa zalla bazai taɓa nuna maka ba sai dai ka bi da hannu ka shafa. Bayan an ɗaura, karɓi bayanan nauyi a faɗin injin na makonni kaɗan kafin da bayan canjin a kan takarda iri ɗaya da gudu ɗaya, ka yanki samfuri daga gefe zuwa gefe a auna karkatar zare da na'urar sauti ta TSO, sannan ka duba nawa bawulolin sirki ke wahala yanzu, in da can wasu na buɗe har ƙarshe yanzu kuma duk sun dawo kusa da tsakiya, hedan na raba ruwa yadda aka lissafa.